Muryar da Ruwa Ya Danne

Kunnena na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana ɗaure kaya. Likita ya faɗa mini haka da Larabci, surukina ya maimaita mini da Hausa cikin lallashi, kamar ban ji na farkon ba. Na ji. Wanda ya ci abinci da kunne shekara da shekaru ba ya bukatar tafinta a kan irin wannan labari. Abin da likitan bai iya warware mini ba shi ne ƙarar da ta zauna a gurbin jin, wani shuuu mara yankewa, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Ya ce jijiya ce. Ni kuwa na san ƙarar nan. Na taɓa tsayawa a gabanta ina saurayi, da rikoda a kafaɗa.

Yanzu a unguwar Shisha nake a Makka, hawa na huɗu, gidan 'yata da mijinta. Makka gari ne mai tsarki, kuma gari ne na dutse tsirara. Sautukansa kaɗan ne kuma kullum su ne: gurnanin mukayyif da ke sanyaya ɗaki, lifta tana hawa tana sauka, motoci, sai kiran salla da ke bugun duwatsu ya dawo, har ladani ɗaya ya zama uku. Ruwa kuwa ba a jin motsinsa. A bututu yake zuwa, in ya ɗauke a kira wayit, tankar ruwa ke nan, ta zo ta cika ma'ajiyar gida. Ranar da aka yi ruwan sama yara suna fitowa da wayoyi suna ɗaukar hotonsa kamar baƙon da ya zo daga nesa, ya gangaro daga kan duwatsu da gudu, kafin la'asar ko alamarsa babu. Tun ranar da na dawo daga wurin likita na kasa zama. Daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. 'Yata ta ce, "Baba, ka zauna mana, ka hana tabarma sakat." Ban gaya mata ba, amma abin da ya hana ni zama yana cikin akwatina, ƙarƙashin manyan rigunan da ban ƙara sawa ba. Kaset ne guda ɗaya. Muryar mahaifina tana ciki, babu ita a ko'ina kuma a duniya, ni kuwa kunnen da zan ji ta da shi yana ƙarewa.

A zamaninmu ba a ba sabon ma'aikacin rediyo makirufo sai an gasa shi. Wata da watanni kana ɗaukar kaya, kana goge kan rikoda da auduga, kana naɗe zaren kaset da biro in ya warware. Ana koya maka inda ake numfashi a jimla, da bambancin ƙ da k, da yadda ake faɗin mutuwar mutum ɗari da muryar da za a faɗi farashin gero. Shugaban sashenmu wani dattijo ne siriri, mai tsananin tsabtar harshe. Yana da doka a kan ɗaukar sautin wuri, kasuwa ce ko tasha ko bakin kogi. Yakan ce, "In kana ɗaukar wuri, wuri kaɗai ke magana. Ko uwarka ce ta yi tari, ka tsayar da ita." Muna dariya, amma mun haddace. Yaran yau kowa da rikoda a aljihu, suna ɗaukar abin da suka ga dama su share abin da suka ga dama. Mu kaset biyu ake ba ka da batir shida, a ce ka je ka dawo da duniya.

Da aka tsara wani shiri a kan wuraren ƙasarmu da mutanen Arewa ba su sani ba, aka ce ana son ƙarar wani ruwa da ke faɗowa daga kan dutse can cikin kurmi, kusa da iyakar Kamaru. A ofis har gardama aka yi kan sunan da za a kira irinsa a iska. Wani ya ce magangarar ruwa, wani ya ce mafaɗar ruwa, dattijon ya ce matsirga ita ce Hausa. Ni ban sa baki ba, hannu kawai na ɗaga na ce a aike ni. Ba wanda ya san dalilina. Mahaifina yana can, a wani zango na masu sayen goro, tafiyar rabin yini daga ruwan. Ya tafi fatauci tun ina rarrafe, kurmi ya riƙe shi. Yakan zo gida shekara biyu sau ɗaya, ya yi mako uku ya koma. Ni ne ɗansa na fari, kuma shi mutumin da ne, mai tsananin alkunya. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa zama da ni ya yi hira ba. In zai ba ni abu sai ya ba ƙanena ya miƙo mini, in zai yi maganata sai ya ce "yaron nan", yana kallon wani gefe. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, haka na ga ana yi. Amma ina so ya gan ni da agogo a hannu da na'urar gwamnati a kafaɗa.

Jirgin ƙasa, sannan babbar mota, sannan bayan wata motar katako. Ina kallo ƙasa tana sauya fuska: kuka ta ɓace, giginya ta ɓace, kwakwar manja ta fito, daga nan sai itatuwan da ban san sunansu ba, waɗanda sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensu. A zangon na tarar da Baba zaune kan buhu yana jera goro cikin huhu, ganye a ƙasa, goro a kai, ganye a sama, yana yayyafa ruwa da yatsu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa goron. Sai ya ce da wanda ke kusa da shi, "A ba yaron nan ruwa, ya sha hanya." Da na faɗi abin da ya kawo ni, 'yan zangon suka ce za a nema mini ɗan gari ya raka ni. Baba bai ɗago kai ba ya ce, "Ba sai an nemi kowa ba." 'Yan zangon suka dubi juna, don an san abin da wannan magana ta ci masa.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, shi a gaba da adda da buta, ni a baya da rikoda cikin leda. Wanda ya tashi a inda ake hango mutum tun yana ɗigo a sararin Allah ba zai fahimci kurmi ba sai ya shiga. Babu sama. Rana tana zuwa ne a yayyage, tsinke nan, tsinke can. Ƙasa tana da taushi kamar an shimfiɗa tsumma, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Kome yana ɗiga. Kuma babu shiru ko na ƙiftawar ido: gyare suna yi kamar ana wasa wuƙa dubu a lokaci guda, kwaɗi suna yi da rana tsaka, wani abu yana kuka can sama kamar jariri. Mun tsallaka wani rafi a kan gadar da aka saƙa da igiyoyin daji, tana lilo, ina salati a ɓoye. Sau ɗaya Baba ya tsaya cak ya nuna ƙasa da adda: kwarkwasa ce ta yanke hanya, baƙar igiya mai motsi, faɗinta kamar tafin hannu. Ya tsallake, na tsallake. Da muka huta ya dubi ƙafata, ya ga matsattsaku biyu sun kama ni a idon sawu, ya ɗebo garin taba a aljihu ya barbaɗa musu suka faɗi. 

Na ga birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da doguwar farar jela, suna faɗowa daga reshe zuwa reshe kamar an jefa riga. Na ga aku, ba guda ɗaya a keji ba kamar na gidan attajirai, garke guda, jajayen jela, suna zage-zage a kan itace ɗaya. Wani babban tsuntsu dangin cilakowa ya wuce samanmu, fikafikansa suna ƙara kamar ana yanka katako da zarto. A kan wani danshin yashi malam-buɗe-littafi sun taru sun fi a ƙirga, shuɗi da rawaya, muka ratsa su suka tashi suka rufe mu. Hannuna yana ƙaiƙayi in kunna rikoda, amma batir shida ne, ruwa aka aiko ni in ɗauko.

Ƙafa ce ta fara jin sa kafin kunne. Ƙasa tana ɗan rawa. Sannan wani gurnani daga nesa, kamar hadarin da ya ƙi ƙarasowa. Muka yi ta tafiya yana girma, har tsuntsaye suka bar jiyuwa, har na bar jin takuna. Sai itatuwa suka buɗe. Kogi guda ne aka tsayar a tsaye. Yana zubowa daga wata baƙar katangar dutse da ta fi kowace hasumiya da na sani a lokacin, fari fat, ya faɗa cikin wani kwarmi da ba a ganin ƙasansa saboda hayaƙin ruwa. Feshi ya jiƙa mu tun muna nesa. Bakan gizo yana tsaye a ciki, ba ya gushewa. Tsattsewa suna kutsawa ta cikin ruwan su shige bayansa, su fito ta wani gefen. Duwatsun wurin duk gansakuka ta lulluɓe su, kore shar. Ni da na tashi ina jan guga gaba goma sha biyu don cika tulu ɗaya, na tsaya ina lissafin garuruwa nawa wannan zai shayar kafin azahar, na kasa.

Na cire takalmi, na hau wani faffaɗan dutse da ya leƙa kan kwarmin, na fito da rikoda, na sa abin ji a kunne, na miƙa makirufo. Allurar na'urar ta buga ƙarshe ta manne. Na rage, na danna. A daidai wannan lokaci na ji murya kusa da kafaɗata. Baba ne. Ya matso har ina jin numfashinsa, yana nuna wani itace da hannu, fuskarsa a sake irin yadda ban taɓa gani ba. Ina tsammanin ƙarar ruwan ce ta ba shi mafaka. Inda ba mai jin ka, kunya ba ta da wanda za ta ji. Ya ce, "Ka ga wancan tsuntsun? Ranar da na fara zuwa nan, kai kana..."

Na ɗaga hannu. Na ce, "Baba, dakata. Ina ɗauka."

Ya dakata. Hannunsa ya sauko a hankali. Na juya ga ruwana, na ba shi baya, na yi rabin sa'a ina kallon allura. Na bi doka, ko tari ban bari ya shiga ba. Na tuna dai can tsakiya na waiga na gan shi ya sauka ya tsaya a dutsen da ke ƙasa da nawa, dab da bakin kwarmin, ruwa yana dukansa, har na ji haushi kada inuwarsa ta motsa ni. Da na gama na ce, "Baba, me kake cewa ɗazu?" Ya ce wa butarsa, "Azahar ta yi." Muka yi alwala da ruwan, mai sanyi kamar ƙanƙara, ya ja mu salla a kan ganye. A hanyar dawowa na lura yana ɗan murmushi shi kaɗai. Bai ƙara cewa kome ba har na hau mota.

A ofis dattijon ya sa kaset ɗin, ya saurara kamar minti ɗaya, ya kashe. Ya ce, "Kai, mun aike ka kurmi ka kawo mana ƙarar rediyon da ya ɓata tasha?" Gaskiyarsa. Ruwa mai girma haka ba ya shiga makirufo, shuuu kawai yake zama. A ƙarshe bokiti biyu aka samu a bayan ofis, wani yana tsiyaya ruwa daga ɗaya zuwa ɗaya, aka ɗauka, aka sa a shirin. Masu sauraro suka yi ta rubuto wasiƙun yabo. Damina ta gaba aka aiko cewa zazzaɓi ya ɗauke Baba a zangon, an binne shi a can. Na roƙi kaset ɗin aka bar mini. Na sha kunna shi a shekarun farko, amma ban taɓa wuce wuri ɗaya ba. Da na ji "Baba, dakata" da wannan murya tawa mai sheƙi, sai in kashe. Me zan saurara bayan nan? Rabin sa'a na biyayyar uba ga ɗansa.

Jikata ce ta kama ni da shi a hannu. A nan Makka aka haife ta, tana jami'a, Larabci ne a bakinta, Hausarta kuwa ta kicin ce, ta "kawo" da "ajiye". Jaddi take kirana, wato kakana. Ta ce, "Jaddi, esh hada? Mene ne wannan? Wasiƙar budurwa ce kake ɓoye mini?"

Na ce, "Amarya, kishi tun ba a ɗaura ba? Muryar ubana ce."

Ta bar dariya. Ta ce, "To mu ji mana."

"Da me? Gidan nan akwai waya bakwai, babu abin da zai juya wannan."

Kwana biyu tana tambaya, har aka kwatanta mata wani mai gyaran rediyo a unguwar Ka'akiyya, Bazindire, wanda ya zo aikin hajji tun da ƙuruciya bai koma ba. Bayan la'asar muka ɗauki tasi. Shagonsa bai fi tabarma biyu ba, cike da gawarwakin na'urori. Ya juya kaset ɗin a haske, ya shinshina shi, ya ce, "Alhaji, zaren ga ya sha zafi, ya manne. Sau guda zan lamunce maka, shi ma in Allah ya so. In ya tsinke kada ka kama ni."

Na ce, "In na bar shi a akwati, wa zai ji?"

Jikata ta kunna wayarta ta ajiye a bakin lasifika. Mutumin ya yi bismilla ya danna. Na kara kunnen dama. Shuuu ya fito, ya haɗu da na cikin kaina, suka zama ɗaya. Can ƙasa na tsinkayi wani abu kamar murya a bayan bango, ban rarrabe kalma ko ɗaya ba. Sai tawa, ita kam ta fito tsaf, don a bakin makirufo take. Hannuna ya tafi da kansa zai kashe. Yarinyar ta riƙe shi.

Na ce, "Shi ke nan, babu kome a gaba, ruwa ne..."

Ta ɗaga hannu ba ta ko dube ni ba. "Jaddi, dakata."

Na dakata. Mai gyara ya bar abin da yake yi. Muka zauna mu uku muna sauraron ruwan kurmi a tsakiyar duwatsun Makka, minti biyar, minti goma. Sai idonta ya buɗe. "Akwai mutum. Wallah akwai. Yana magana ƙasa-ƙasa." Ba ta rufe baki ba na'urar ta yi wani kuka, zaren ya naɗe, ya tsinke. Mai gyara ya fito da shi kamar hanjin kaza, ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji."

Abin da waya ta kama ya kamu. Ta sa abin ji a kunnuwanta, ta mayar baya, ta sake mayarwa. Ta sa mini, ban ji kome ba sai ruwa. Mai gyara ya gwada, ya ce shi ma kunnensa ya sha lasifika. Ya zama ita ke ji ba ta gane ba, ni ke ganewa ba na ji. Na ce, "Kada ki fassara. Faɗi yadda ya shiga kunnenki, gaɓa-gaɓa."

Ta rufe ido. "Ya-ron-nan."

Na ce, "Shi ne. Ci gaba."

"Sai moya... ruwa ya rufe. Sai kuma... san-ti."

"Santi?"

Ta sake saurara. "Ko san-si. Wallahi Jaddi, tsakaninsu ne."

Na ce, "Ce tsuntsu."

Ta ce, "Sunsu."

Mai gyara ya fashe da dariya har da tari. Ni ban yi ba. Shekara talatin ina gyara wa mutane harafi a iska, ga shi maganar ubana da ta rage mini ta rataya a kan harafi ɗaya, a bakin yarinyar da ba ta iya furta shi. In santsi ya ce, gargaɗi ne: dutsen da nake kai yana da gansakuka, ga kwarmi a ƙasa, an hana shi magana, sai ya faɗa a hankali, ya sauka ya tsaya inda zan faɗo. In santi ya ce, tsokana ce: yaron nan daɗi ya kwashe shi, bai san abin da bakinsa ke faɗa ba. Na tuna tsayuwarsa a bakin kwarmi. Na tuna murmushinsa a hanya. Kowanne yana da shaida.

Ta ce, "Ya'ani me? Wanne ne mai kyau?"

Na bayyana mata duka biyun, santi da misalin ubanta in ya samu tuwo da miyar kuka, santsi da misalin daɓen Harami in an wanke shi. Ta yi ta maimaita su a tasi, tana cije harshe, direba yana leƙenmu ta madubi. Ni kuwa ina ta juya abin, har yanzu ina juya shi. Wani lokaci in tashi da tabbacin gargaɗi ne, kafin azahar in koma tsokana. Na lura dai da abu ɗaya: ko wanne ne, babu fushi a ciki, ni kuwa fushi na ɗauka na yi ta dako duk shekarun nan.

Da muka iso gida lifta ta lalace, sai matakala. An wanke matakalar ba da jimawa ba, tana ƙyalli. Na sa ƙafa a ta farko ina sauri kamar mai wani wurin zuwa. Yarinyar ba ta hau gabana ba. Ta koma bayana, mataki ɗaya ƙasa da ni, ta kawo baki saitin kunnena na dama.

Ta ce, "Yaron nan. Sansi."